Wa ya sauke malam daga kan keke?

A da, duk wanda ya leƙa filin lakwal a Maraɗi ko Damagaram da hantsi, zai tarar da kekuna jere a inuwar bedi, na mushe da na darekta da na manyan ɗalibai. A zamanin cinikin gyaɗa, manomin da ya sayar da amfaninsa ya sayi Raleigh, ya naɗe ta da roba mai launi, ya sa mata madubi da ƙararrawa, ba ya shiga gari a ɓoye, har yara kan bi shi da gudu. Yau kuwa malamin da ya zo aiki bisa keke sai ya ji ana raɗa a bayansa: "Wayyo, har yanzu bai samu ba." Abokan aikinsa su tausaya masa, ɗalibansa su yi masa dariya, surukansa su fara tunani. Ƙarfen nan bai canza ba, taya biyu ne da kaca da feda kamar jiya. Idon jama'a ne ya canza, kuma wannan canji yana cin dukiya, yana cin karatun yara, wani lokaci har da rayukansu.

Masu raina keke suna cewa abin talaka ne, kuma alamar ci baya. To, a fara da lissafi, tunda malamai ake yi wa magana. Mai tafiya a ƙasa yana cin kilomita 4 zuwa 5 a awa ɗaya, mai keke kuwa yana cin 12 zuwa 15 ba tare da ya wahalar da kansa ba. Yarinyar da ke ƙauye mai nisan kilomita 7 daga kwalej tana buƙatar awa ɗaya da rabi kafin ta isa aji, da wata awa ɗaya da rabi kafin ta koma gida, ga daka da ɗiban ruwa suna jiran ta. Da keke, rabin awa ya ishe ta. Awa biyu ke nan a kowace rana da za su koma ga littafi ko ga hutu. A birni kuma, a ɗauka uba yana biyan ɗan kabu-kabu dala 40 zuwa, dala 40 dawowa. A kwana 20 na karatu jika 8 ke nan, a wata 9 jika 72, kuɗin da suka isa sayen keke na hannu mai ƙwari wanda ƙanne ma za su gada. Uban da ya zaɓi biyan jika 72 kowace shekara don kada a ce ɗansa na hawan keke, kunya yake saye, kuma da tsada yake sayen ta.

An riga an gwada wannan magana a wata ƙasa. A shekarar 2006 gwamnatin jihar Bihar, ɗaya daga cikin jihohin Indiya mafi talauci, ta fara bai wa ƴan matan da suka shiga sakandare kuɗin sayen keke. Masana tattalin arziki biyu, Karthik Muralidharan da Nishith Prakash, sun bi diddigin shirin, suka wallafa sakamakonsa a 2017: yawan ƴan matan da ke sakandare a shekarun da suka dace ya ƙaru da kashi 32 cikin 100, tazarar da ke tsakaninsu da maza ta ragu da kashi 40 cikin 100. Amfanin ya fi fitowa a ƙauyukan da ke nesa da makaranta. Duk malamin da ya yi aiki a karkarar Tawa ko Mirriya ya san yadda ɗiya mace ke ɓacewa daga rajista bayan firamare: kwalej na wani gari, babu amintaccen mai masauki, hanya da nisa, sai uba ya ce ta zauna, daga nan sai aure. Ana ta taro a manyan otal na Yamai kan karatun ɗiya mace, ana cin kuɗin zama, alhali wani yanki na maganin yana jingine a rumfar mai faci.

Sai masu adawa su ce ai mace ba ta hawan keke, bai dace da kunya da sutura ba. Wannan hujja ta fi kowace rauni, domin yarinyar da aka hana hawan keke ita ce ake ɗorawa bayan ɗan kabu-kabun da ba a san ko ɗan wane ne ba, ya ratsa gari da ita a guje. Wanne ya fi kusa da kamun kai, ta tuƙa kanta ko baƙo ya ɗauke ta? Akwai keken mata marar sandar tsakiya, wanda ake hawa da zane da hijabi ba tare da an buɗe jiki ba. A Wagadugu, nan maƙwabta, mata Musulmi da Kirista suna zuwa kasuwa da makaranta bisa keke, da goyo a baya da kaya a kariya, ba wanda ya ce sun fita daga tarbiyya. Ƙasar Burkina tana shirya tseren keke na Tour du Faso tun 1987, jama'a na fita bakin hanya suna tafi. Rana ɗaya ce ke dukan su da mutanen Nijar, talaucinsu ma iri ɗaya ne.

Akwai hujjojin da suka fi wannan nauyi, kuma ya kamata a amsa su da gaskiya. Rairayin unguwannin Maraɗi da Tawa yana shanye taya har sai mai keke ya sauka ya tura. Tsidau da sauran ƙaya suna huda taya. Zafin watan Afrilu da Mayu yana haura digiri 40. Duk gaskiya ne. Amma zafin da ke dukan mai keke na rabin awa shi ne ke dukan mai tafiya a ƙasa na awa ɗaya da rabi, kuma fita da sassafe ta riga zafin. Huji kuwa, mai faci yana toshe shi da ƴan daloli, sana'a ce da ke ciyar da gida. Batun rairayi kuma tambaya ce ga magajin gari: hanyar jan ƙasa da aka daddaɓe da kyau ta ishi keke, kuɗinta bai kama ƙafar na kwalta ba. An sami kuɗin gina gadojin sama a Yamai domin motoci, amma ɗalibin da ke ƙetara gadar Kennedy, wadda aka buɗe a 1970, zuwa Jami'ar Abdou Moumouni bisa keke, yana kutsawa ne tsakanin motoci da babura yana addu'a. Idan hanya ta kori mai keke, sannan aka ce ai mutane ba su son keke, an yi wa gaskiya fashi.

Masu ganin cewa ci gaba shi ne kowa ya hau inji, su dubi Holand, ƙasar da kekunanta suka fi mutanenta yawa. Ita ma ta bi mota ido rufe bayan yaƙin duniya na biyu, har a 1971 haɗarin hanya ya kashe mutum kusan 3,300, fiye da 400 daga cikinsu yara. Iyaye suka fito zanga-zanga suna cewa a daina kashe musu ƴaƴa. Da rikicin man fetur na 1973 ya zo, gwamnati ta hana motoci fita ranakun Lahadi na wani lokaci, daga baya birane suka shiga keɓe wa keke hanyarsa. A watan Yuli na 2024, Mark Rutte, bayan shekara kusan 14 yana firaminista, ya miƙa mulki ya hau kekensa ya tafi. Ba wanda ya ce bai samu ba.

Nijar ma ta ga nata gargaɗin. An buɗe matatar mai ta SORAZ kusa da Damagaram a 2011, aka yi zaton an rabu da matsalar mai. Amma da Najeriya ta janye tallafin fetur a watan Mayu na 2023, kwalbar ƴan ruwa-ruwa ta yi tsada a garuruwan iyaka, a watan Maris na 2025 kuma aka ga dogayen layuka a gidajen mai na Yamai. A ranakun nan mai keke bai tsaya layin kowa ba. Wanda ya raina gajere bai taka kunama ba.

Abin da ya fi ciwo shi ne abin da aka maye gurbin keke da shi. Uba mai hali, don a san ya samu, sai ya miƙa wa yaro ɗan shekara 13 ko 14 makullin babur, babu takardar izinin tuƙi, babu hular kwano. Yaron ya ɗauki abokai biyu, ya fita tsere a kan kwalta bayan an tashi daga aji. Malamai sun san kujerun da suka zama wayam ta wannan hanya, sun je gaisuwar. Keke ma ana faɗuwa da shi, amma gudunsa daidai ƙarfin ƙafar yaro ne, babur kuwa gudunsa ya fi hankalin yaro.

Laifin kunyar nan yana da masu shi. Akwai ma'aikacin da ke cin bashin banki na shekaru don babur ko tsohuwar mota, albashi ya ƙare kafin tsakiyar wata. Akwai masu wasan kwaikwayo, a dandali da talabijin, waɗanda in suna son nuna matsiyaci ko wawa sai su ɗora shi bisa karyayyen keke don a yi dariya. Akwai kuma malamin da ke koyar da tattali a aji, alhali shi kansa ya jingine kekensa don gudun bakin mutane. Yaro yana koyon abin da ya gani kafin abin da aka rubuta masa a allo.

Gyaran kuma yana hannun waɗannan mutane. Ƙungiyar iyayen yara na iya kafa rumfa mai inuwa da mai gadi a kowace lakwal, domin tsoron sata na cikin abin da ke hana iyaye saye. Kwamitin makaranta na iya sayen ƴan kekuna ya ba ɗaliban nesa aro na shekara, a fara da ƴan mata, a koya musu faci da ɗaure birki da shafa wa kaca mai. Ƙungiyoyin al'adu na iya canza wanda ake yi wa dariya a wasanninsu. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 3 ga Yuni a matsayin ranar keke tun 2018, rana ce da makarantun gari ɗaya za su iya fita tare su je ƙofar magajin gari su nemi a gyara hanyoyin da ke zuwa lakwal. Amma kafin wannan duka, sai an sami malamin da zai ciro kekensa daga zaure, ya kakkaɓe ƙura, ya ba tayoyin iska, ya shiga filin lakwal ranar Litinin yana kaɗa ƙararrawa, ya jingine shi a inuwar bedi inda kowane ɗalibi zai gan shi.