Fedar tsere: ba nauyinta ne damuwarmu ba

Wani ɗalibina mai burin shiga Tour du Faso yana tara kuɗin fedar tsere, irin wadda takalmi ke maƙalewa a jikinta, sai ka murɗa diddige waje ta sake ka. Ba na musun amfaninta. Da irinta ta kamfanin Look Bernard Hinault ya lashe Tour de France a 1985. Amma shi mai sandar titaniyam yake so, wai ba ta da nauyi. Haba! Abin da zai rage bai kai rabin ruwan gorarsa ba. Na ce ya sayi mai araha, canjin ya sa a tayoyi masu ƙwari da hular kwano, don a titunanmu faci ke fitar da yaro daga tsere. Har yanzu bai yarda ba.