Shuɗin Ƙoƙon Kunkuru: Zalunci Ne Ko Adalci?

Tun da muka komo daga dogon hutu ake ta tafka gardama a ɗakin kwananmu game da wani wasan talabijin na tseren 'yan ƙananan motoci, wai shi Mario Kart. Waɗansu sun ce wasan gwanaye ne. Waɗansu kuwa sun rantse ba shi da maraba da ludo, wanda sa'a ta faɗo wa shi ke ci. Ni ma dā cikin masu ƙorafin nake, har ran da ƙanwata ta kayar da ni.

Ga wanda bai san wasan ba, kamfanin Nintendo na ƙasar Japan ne ya fara fito da shi a shekarar 1992. Wanda muka yi a gidan Kawu shi ne Mario Kart 8 Deluxe na 2017, inda direbobi 12 ke tsere, waɗansu mutane, sauran kuwa na'ura ke tuƙa su. A kan hanya an jera akwatuna masu alamar tambaya, in ka bi ta kan ɗaya sai a ba ka wani makami wanda ba kai ka zaɓa ba. To, nan gizo ke saƙa. Wanda ke gaba galibi ɓawon ayaba yake samu, ko 'yan sulalla. Wanda aka bari can baya kuwa shi ake ba manyan kaya, kamar tauraron da ke hana kome ya taɓa shi, ko walƙiyar da ke ƙanƙance kowa. Uwa uba akwai shuɗin ƙoƙon kunkuru, wanda ya fara bayyana a Mario Kart 64 a 1996. Shi ba ya neman kowa sai na ɗaya.

Ran nan ina gaba tun daga farko, na sha kwanar ƙarshe, ina hangen layin gamawa, sai na ji ƙarar nan. Kafin in farga ya tashi da motata sama. Ina saukowa wani jan ƙoƙo ya ƙara mini. Autarmu, yarinya 'yar shekara takwas, ta zo fuu ta wuce, ta zama ta ɗaya, ni na huɗu. Ta yi ta tsalle tana kiran Inna ta zo ta gani. Ni kuwa na tashi na bar ɗakin ina cewa an cuce ni. Yanzu in na tuna har kunya nake ji.

Da daddare Kawu ya tambaye ni, "Yau sau nawa ka ci, sau nawa ta ci?" Na yi shiru, domin na san amsa. Kowace gasa tsere huɗu ce, na ɗaya yana samun maki 15, na biyu 12, na uku 10, na huɗu 9. Na ci tsere uku, na zo na huɗu a guda, watau maki 54, kuma ni na ɗauki kofin. Ashe abin da na kira zalunci maki shida kaɗai ya rage mini, ita kuwa ya ba ta labarin da ta yi mako guda tana bayarwa.

Ra'ayina ke nan: da gangan aka sa sa'a cikin wasan nan, kuma an yi daidai. Ku dubi dara. Wasa ce ta basira tsantsa, shi ya sa ba za ka ga dattijo gwani ya zauna yi da yaro ba, don an san ƙarshe tun ba a fara ba. Ludo kuma, ko ka shekara kana yi, ba ka da iko a kan abin da za ka jefa. Amma wasan da ake so wa da ƙane, uba da 'ya su zauna tabarma ɗaya su yi, tilas ƙarami ya ga yana da rabo, babba kuma ya ga wahalar koyonsa ba ta tafi a banza ba. Da Auta ta sha kaye sau ashirin a jere, da ta aje ta koma wasan 'yartsana, ni kuma in zauna ina tsere da na'ura ni kaɗai.

Masu cewa duk sa'a ce, a ganina ba su ƙware ba ne. Gwani ya san yadda zai zame a kwana har tartsatsi ya fito ya sami ƙarin gudu. Ya san ya riƙe ɓawon ayaba a bayan mota don tare jan ƙoƙo, ya tara sulalla goma don motarsa ta ƙara sauri. Shi kansa shuɗin ƙoƙon yana da magani: akwai wani ƙaho da ke tarwatsa shi, in ka yi haƙurin adana shi maimakon ka busa tun da wuri.

Amma fa ban ce babu aibi ba. Akwai masu noƙewa a baya da gangan don su kwashi manyan makamai, sa'an nan su taso a zagayen ƙarshe su wuce kowa. Wannan ni ban ɗauke shi tsere ba, cin abincin marayu ne, gama don masu rauni aka tanadi kayan.

Wanda kuwa har yanzu ya ce shi gwaninta zalla yake so, ai ƙofa a buɗe take. Akwai sashen da mutum ke tsere da agogo shi kaɗai, kuma tun watan Disamba na 2022 ana iya zaɓen makaman da za a sa, a cire shuɗin ƙoƙo ɗungum. Mun gwada haka sau ɗaya ni da ɗan Kawu. Na ci tsere huɗu a jere, da na waiwaya sai na tarar Auta da Inna sun daɗe da fita. Washegari ni da hannuna na mayar da ƙoƙon.