Darasin Da 'Yar Shekara Bakwai Ta Koya Wa Mai Digiri Uku

Duk malamin jami'ar da ya ga shekarar 2022 ba zai manta da ita ba. Yajin aikin ƙungiyarmu ta ASUU ya fara ranar 14 ga Fabrairu, ba a janye shi ba sai 14 ga Oktoba. Wata takwas cur ba aji, ba albashi. A cikin wannan tsanani ne na ɗauki wani darasi da ban samu a ɗakin karatu ba, kuma shi nake so mu tattauna a wannan makon.

Ina zaune ne a Narayi, kudu da Kogin Kaduna, cikin ƙaramar hukumar Chikun. Mai karatu ya san cewa tun rikicin Shari'a na Fabrairun 2000 da na gasar sarauniyar kyau na Nuwambar 2002, kogin nan ya zama tamkar iyaka. Musulmi da yawa suka koma Tudun Wada da Rigasa da Kawo, Kiristoci suka tattaru a Sabon Tasha da Narayi da kewaye. Ni Musulmi ne, na kuma ci gaba da zama a gidan da mahaifina ya bari, duk da abokai ba su fasa tambayata ranar da zan ƙetare gada ba.

Wani dare a watan Agusta, buhun masararmu ya kai gindi. Na zauna da biro da takarda ina lissafin bashi: na mai shago, na makarantar yara, na mai magani. Sai na jiyo 'yar autata, mai shekara bakwai, tana addu'a a bayyane bayan sallar isha'i. Ta gode wa Allah da ruwan saman da ya cika mana randa. Ta gode da wutar lantarkin da aka kawo har ta goge kayan islamiyya. Sannan ta ce: "Na gode da Ka sa Baba yana gida kullum." Jikina ya yi sanyi. Abin da na rubuta a sahun musiba, ita ta sa shi a sahun ni'ima. Daga ƙarshe ta roƙi abinci, ta shafa, ta kwanta ta yi barcinta hankali kwance, kamar wadda ta miƙa saƙo ga amintaccen ɗan aike.

Washegari ta gaya wa ƙawarta, 'yar maƙwabtanmu Kirista. Ita kuma ta yi alkawarin za ta sa mu a addu'a a coci. Ranar Lahadi da la'asar sai ga mahaifiyar yarinyar da sallama, ɗauke da masara da doya daga gonarsu ta ƙauye. Na fara 'yan kame-kame irin na mai jin nauyi, ta tari numfashina: "Dakta, karɓi. Yara sun riga mu gama magana."

Da dare na so in nuna malanta. Na bayyana wa 'yata cewa ita ta gaya wa ƙawarta, ƙawar ta gaya wa mahaifiyarta, shi ke nan. Ta dube ni ta ce: "To Baba, wa ya sa mata tausayin?" Na rasa amsa. Boko ya koya mini bin diddigin sababi, har na kusa mance Mai sababin.

Ba ina cewa addu'ar yara ta sauke wa manya nauyi ba ne. A wannan ƙaramar hukumar aka kwashe ɗaliban makarantar Bethel Baptist ranar 5 ga Yulin 2021, aka kuma kwashe na Kuriga a Maris ɗin 2024. Yaron da ya dogara ga Allah yana da haƙƙin tsaro da abinci da ilimi a wuyanmu, kuma za a tambaye mu. Sai dai yaran nan biyu sun tuna mini cewa ba a haifi kowa da kogi a zuciyarsa ba. Mu manya ne muke haƙa masa shi.

Tun daga ranar, kafin in buɗe takardar bashi, nakan lissafa alheri uku da Allah Ya yi mini a wunin. Har yau ban taɓa rasa na ukun ba. Mai karatu, jarraba a daren nan, in ka kakare ka tambayi ƙaramin ɗanka.

Allah Ya sa mu cikin masu godiya, Ya zaunar da Kaduna lafiya. Sai mako mai zuwa.