Ba Shamuwa Ce Ke Kawo Damina Ba

Edita,

Ina roƙonka ka ba ni ɗan fili a jaridarka mai farin jini domin in ja hankalin 'yan'uwana mutanen Sabon Birni da Isa kan wani hukunci da muke yankewa cikin gaggawa.

Ni ɗan tireda ne. Kowa ya san halin da ƙasar Gobir ta shiga, musamman tun harin watan Mayu na 2020 da ya ci rayuka fiye da 70 a ƙauyukan Sabon Birni, da ƙona matafiya cikin mota a watan Disamba na 2021. To, akwai ɗan yayana, saurayi mai hankali, wanda aka kashe maƙwabcinsa a gabansa. Tun daga ranar barci ya ƙaurace masa, ko babur ya yi ƙara sai ya zabura. Daga baya aka kama shi da ƙwayar tiramadol. Nan take jama'a suka ce, "Ai ga ta nan, ƙwaya ce ta haukata yaron!" Har maganar aurensa ta watse.

Jama'a, mu tsaya mu yi tunani. Duk shekara in shamuwa ta sauka, ba a daɗewa sai ruwa. Amma akwai manomin da zai ce shamuwa ce ke kawo damina? Lokaci ne ya haɗa su. Haka masana halayyar ɗan Adam suke cewa: ganin abu biyu tare bai nuna ɗaya ne ya haifi ɗayan ba. Sai an tambaya, wanne ya riga zuwa? Ko kuwa akwai na uku da ya haifi su biyun? Ni shaida ne, yaron nan ya yi wata da watanni ba ya barci kafin ya san ƙwaya. Firgici ne ya tura shi gare ta, ita kuma ta ƙara dagula lamarin.

Wasu suka ce a kai shi Sakkwato a ɗauki hoton ƙwaƙwalwarsa, magana ta ƙare. Hoto yana da amfani ƙwarai, yana nuna ƙari ko rauni ko zubar jini a cikin kai. Amma shi ma ba ya faɗin wanda ya riga wani. Ga misali daga Amurka. An ga cewa tsofaffin sojojin yaƙin Biyetnam masu fama da firgici, wani sashe na ƙwaƙwalwarsu mai riƙe tunanin baya ya fi na sauran mutane ƙanƙanta, sai aka zaci yaƙi ne ya motsar da shi. A 2002 wasu masu bincike suka auna tagwaye masu kama ɗaya, ɗaya ya je yaƙi ɗaya bai je ba. Sai ga shi 'yan'uwan masu firgici mai tsanani, waɗanda ba su taɓa zuwa fagen daga ba, su ma nasu ƙarami ne. Ashe da alama abin yana nan tun kafin yaƙin. To, in masu na'ura sun yi irin wanga taka-tsantsan, ina ga mu da ke yanke hukunci a bakin kasuwa?

Kada a fahimce ni ba daidai ba. Ba ina wanke ƙwaya ba ne, guba ce, kuma masu sayar da ita ga yaranmu su ji tsoron Allah. Abin da nake cewa, in aka raba yaro da ƙwaya aka bar shi da firgicinsa, an kashe maciji ba a sare kansa ba.

Saboda haka ina kira ga iyaye da su daina ɗaure irin waɗannan yara da mari. A yi addu'a, a kuma kai su asibitin masu taɓin hankali na Kware, a gaya wa likita labarin tun daga farkonsa. Malaman Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo kuma su zo su bi diddigin matasanmu shekara da shekaru, su kwatanta waɗanda suka ga tashin hankali da waɗanda ba su gani ba. Ita kuwa gwamnatin jiha ta turo ma'aikatan wannan fanni asibitocinmu na Isa da Sabon Birni, don ba kowa ke da kuɗin mota ba.

Allah ya kawo mana zaman lafiya, amin.

Naku,
Wani ɗan tireda,
Kasuwar Sabon Birni, Jihar Sakkwato.