FUSKAR ƊANKA AMANA CE: KAFIN KA BA DA ITA HAYA, KA YI TAMBAYA

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai.

'Yan uwa matasa, musamman sababbin magidanta, akwai wata hanyar samun kuɗi da take yawo a wayoyin hannu wadda ya kamata mu dube ta da idon basira. Za ka ga sanarwa wai ana neman matashin magidanci da matarsa da ɗansu ɗan shekara ɗaya zuwa uku, a ɗauke su hoto suna cin abinci suna dariya, a biya su. Sharaɗi dai yaron ya kasance ɓul-ɓul mai fara'a. Tun daga 1 ga Oktoban 2022, lokacin da hukumar kula da tallace-tallace ta ƙasa, ARCON, ta hana amfani da fuskoki da muryoyin 'yan ƙasashen waje a tallan Nijeriya, ya zama dole kamfanoni su nemi fuskokin gida. Wanda kuwa yake son cinikin Bahaushe, fuskar Bahaushe zai nema. Saboda haka duk inda waya ta kai, kiran zai iya kaiwa, har Sanyinna da Kebbe.

To, wai shin me ake saye a wurinka? Ana sayen yardar da uwa take yi wa 'yar uwarta uwa ne. Matar ƙauye in ta ga mace irinta, da hijabi irin nata, tana ba ƙaton yaro abincin gwangwani, sai ta dubi nata ɗan ta fara zargin nononta da kununta. Alhali kuwa yaron hoton da ƙibarsa aka zaɓo shi, mai yiwuwa ma nono da kunun gyaɗa ne suka gina shi, gwangwani ya zo ya amshe yabon. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi!

Wannan dabara tsohuwa ce. A shekarun 1970 'yan jari hujja sun cika ƙasashe matalauta da tallan madarar jarirai. Iyaye mata suka bar shayarwa, suka koma dama gari da ruwa mara tsabta, suna tsinka shi saboda tsada, gudawa da tamowa suka yi ta kwasar jarirai. Abin ya kai ga ƙauracewa kayan Nestlé a Amurka a 1977. A 1981 babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya amince da ƙa'idar da ta hana tallata madarar da ke maye gurbin nono, ta kuma hana sa hoton jariri a gwangwaninta. Ƙasashe 118 suka goyi baya, Amurka kaɗai ta ƙi. Nijeriya ta yi tata dokar a 1990, kuma NAFDAC ce ke da alhakin tsare ta.

Kada ka ce ai an wuce wurin. A 2024 ƙungiyar Public Eye ta Suwizalan ta bayyana cewa Cerelac ɗin da ta gwada daga Nijeriya yana ɗauke da ƙarin sukari har giram 6.8 a damu guda, alhali irin wannan abinci da kamfanin yake sayarwa a Jamus da Ingila babu ƙarin sukari a ciki. Kamfanin ya ce yana bin dokokin kowace ƙasa. Mu dai tambayarmu ita ce, jaririn Sakkwato da na Landan ba hanji iri ɗaya Allah Ya yi masu ba?

Ka tuna a jihar da kake. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna fiye da rabin yaran jihar Sakkwato 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure saboda rashin abinci mai gina jiki. A irin wannan wuri, duk tallan da ya sa magidanci ya sayar da mudun gero da wake don ya sayo gwangwanin da ba zai yi mako ba, ya cuce shi, ya cuci ɗansa. Alƙur'ani ya ambaci shayarwar shekara biyu cikakku, likitoci kuma sun ce wata shidan farko nono zalla, sannan a haɗa da kunun gero da waken suya da gyaɗa. Duk a gonakinmu suke.

Talla halal ce in kayan na kirki ne kuma babu yaudara. Amma yaro ba ya iya cewa e ko a'a, kai ne waliyyinsa, kai za a tambaya. Don haka kafin ka sa hannu, ka tambaya: mene ne kayan, kuma na 'yan wata nawa ne? In madarar jarirai ce, ka tashi, doka ma ta hana. Kai kanka kana ba ɗanka shi a gida? Shekara nawa za su yi amfani da hoton, kuma a ina? A rubuce yake? Awa nawa yaron zai yi a gaban fitilu, kuma in ya yi kuka za a tsaya? Wanda ya ce ka fara biyan kuɗin rajista kuwa, ka yi hattara da shi.

Kuɗin za su ƙare kafin wata ya mutu, hoton kuwa yana nan a bakin titi yana kiran matan mutane. Allah Ya ba mu ikon riƙe amana, Ya raya mana zuriyarmu cikin lafiya da imani. Wassalam.