Rasit ɗin omo-onile ba ya tsayar da katafila



A zamanmu na ƙarshe, da aka kawo shawarar a kai takardun filin masallaci da na makabarta wurin lauya, wasu daga cikin dattawanmu sun ce ɓarnar kuɗi ce. Hujjarsu ita ce Baale ne ya ba iyayenmu wurin, an yi shaidu, an raba goro, ga rasit ma a ajiye. Muna ganin girman furfurarsu, amma a wannan magana sun yi kuskure, kuma kuskuren zai iya cinye mana wurin da muke binne 'yan uwanmu.

Zamanin da sarkin gari ke nuna wa Sarkin Hausawa daji ya ce ku sare ku zauna, kamar yadda aka yi wa fataken goro, ya wuce tun 1978. A shekarar ce gwamnatin soja ta Obasanjo ta kafa Dokar Amfani da Filaye, ta danƙa duk ƙasar jiha a hannun gwamna, wai amana yake riƙe wa jama'a. Aka kuma cusa dokar cikin tsarin mulki, yadda gyara ta sai an gyara tsarin mulkin kansa. Ko mai takardar C of O, izinin zama aka ba shi, yawanci na shekara 99. Idan za ka sayar ko ka jinginar, sai da amincewar gwamna. Idan ya ce jama'a na buƙatar wurin, sashe na 28 ya ba shi damar soke izininka, diyyar da za a ba ka kuwa ta gini da shuka ce, ƙasar ba ta ciki. To mai C of O ke nan. Ina ga mai rasit ɗin da wani ɗan gida ya rubuta, gobe ƙanensa ya zo ya ce bai san zancen ba?

Kada a ɗauka muna yabon dokar ne. An ce an yi ta don talaka ya samu fili, mu dai a Legas mun ga wanda ya samu. A watan Yulin 1990 gwamnatin Raji Rasaki ta ba mutanen Maroko kwana bakwai, ta rushe gidajen mutum kusan 300,000, da hujjar wurin kwari ne, ruwa zai cinye su. Da suka tashi sai aka cike kwarin da yashi. Ku je ku ga irin benayen da ke wajen Oniru yau. Ashe ruwan talaka kawai yake ci.

A 2016 da 2017 aka maimaita a Otodo Gbame, inda aka kori masunta fiye da 30,000, wasu suka kwana cikin kwale-kwale a kan ruwa. Kotu ta ce korar ta saɓa wa tsarin mulki, amma lokacin da hukuncin ya fito a watan Yunin 2017 babu sauran gida a tsaye. Mun ji masu cewa ai ba mutanenmu ba ne. Direban katafila ba ya tambayar yaren mai rumfa, kuma 'yan kasuwarmu na Alaba Rago da aka ba wa'adin tashi a 2022 sun fi mu sanin haka.

Sannan ga ruwa. Fadamun da ake cikewa a Lekki da Ajah su ne ke shanye ruwan damina tun kafin a haife mu. Ana haƙo yashi daga tafkin Legas, ruwa ya gurɓace, kifi ya gudu, a zuba yashin a fadama a kafa gidajen masu kuɗi a tudu. Ruwan da aka kora dole ya nemi wurin zuwa, sai ya gangaro unguwannin da ke ƙasa, irin waɗanda mai gadi da mai tura baro da mai sayar da albasa ke iya biyan hayarsu. Bayan ambaliya kuma a zo a shafa wa gidajen jan fenti a ce su suka tare hanyar ruwa.

Don haka kwamiti ya tsaya a kan bakansa. Za mu ɗauki safiyo mai lasisi ya auna filayen nan biyu, a kai taswirar ofishin filaye a duba ko suna cikin waɗanda gwamnati ta riga ta karɓe, ko kuwa cikin waɗanda ta sakar wa ƙauye. In sakamakon bai yi daɗi ba, gara mu ji yanzu muna da lokacin neman gyara. Kuɗin da ake ƙyashi bai kai wanda muka kashe a walimar naɗin sarautar bara ba, kuma ba mu ji wanda ya kira wancan ɓarna ba.

Duk mai wata takarda da ta shafi filayen nan, rasit ne ko yarjejeniya ko tsohuwar wasiƙa, ya kawo ta zaman Lahadi bayan La'asar. Dattawan da suka halarci bayar da wurin, muna roƙon su zo da kansu a rubuta abin da suka sani tun suna raye.

Sakataren ƙungiya, a madadin kwamiti.