Gandhi Ya Sha Yabo, Wa Ya Sha Bulala?

Makon nan da masu mayar da tarihi tatsuniyar jarumi ɗaya nake. Da an ambaci gwagwarmayar Indiyawa a Afirka ta Kudu, sai a ce "Gandhi", a rufe littafi. Wannan lalaci ne, kuma cin haƙƙin dubban bayin Allah ne.

Tun 1860 Turawan Ingila suka fara kwaso Indiyawa zuwa yankin Natal domin aikin rake, bisa yarjejeniyar shekara biyar. A 1895 aka yi dokar harajin fam 3 duk shekara a kan wanda ya gama wa'adinsa, ya ƙi komawa gida, ya kuma ƙi sabunta yarjejeniya. Ƙungiyar Natal Indian Congress, wadda Gandhi da manyan 'yan kasuwa suka kafa a 1894, kuɗin zama mamba a cikinta fam 3 ne a shekara. Wane lebura ne zai iya biya? Ƙungiyar masu hali ce, kukan masu hali ta fi kaiwa gaba.

Abin da ya girgiza gwamnati sai a 1913 ya zo. Kotu ta yanke hukuncin da ya hana doka amincewa da auren Musulmi da na Hindu. Mata suka fito. Wasunsu suka shiga mahaƙar kwal ta Newcastle suka zuga ma'aikata, dubbai suka ajiye aiki. A watan Nuwamba sama da mutum 2,000 suka taka da ƙafa suka ƙetara iyakar Transvaal ba da izini ba. An ɗaure su, an yi wa wasu bulala, an harbe wasu masu yajin aiki. Yarinya Valliamma, 'yar shekara 16, ta fito daga kurkuku da ciwo, ta rasu a Fabrairun 1914. A shekarar ce aka soke harajin.

Wani zai ce ai Gandhi ne jagora. Babu musu, shi ma ya sha ɗauri. Amma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kuma marubucin da ya mayar da shi waliyyi dole ya ɓoye kalaman raini da ya rubuta kan baƙar fata a farkon zamansa a can, waɗanda suka sa Jami'ar Ghana ta cire mutum-mutuminsa a 2018.

Mu ma ciwonmu ke nan: mun iya kirarin sarki da ɗan siyasa, mun manta manomi da ɗan dako. In za ka rubuta wata gwagwarmaya, tambayi kanka: wa ya rasa albashi, wa ya kwana a kurkuku, wa aka binne? Da sunayensu za ka fara. Wanda bai yarda ba, ya kawo hujja, ina jira.